Kalmar da Na Rubuta a Gaban Sunan Kawu

Na Allah ne mu, wurinSa za mu koma, ga shi Kawu ya riga mu. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

Kwana uku muka yi muna karɓar gaisuwa a ɗakinsa da ke Sulai, unguwar nan ta gefen Riyad da ba komai cikinta sai sito-sito da garejoji da gidajen leburori. Ɗakin na mutum huɗu ne, sai da aka jingine katifu a bango kafin a sami wurin zama. Abokin ɗakinsa, wani dattijo ɗan Damagaram da suka fi shekara goma tare, bai zubar da hawaye ba ko sau ɗaya. Ya dai hana kowa zama a gadon Kawu. Duk wanda ya matsa kusa sai ya ce masa, "Dawo nan, akwai wuri," alhali babu wurin.

Kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallonmu kuwa kuka yake har da shessheƙa, yana ta faɗin uba ya tafi, uba ya tafi. Wallahi ji na yi kamar in tashi in kwaɗa masa mari. Na danne zuciyata, don na san in za a fara marin masu laifi a ɗakin nan, da ni za a fara.

Rana ta biyu Sudanawan da muka daɗe muna karawa da su suka zo su shida. Babbansu ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya yi murmushi ya ce da Larabci bai taɓa haɗuwa da golan da ke zaginsa yana jin daɗi ba sai Kawu. Aka ɗan yi dariya. Sai ya ƙara da cewa sun daɗe ba su gan shi a raga ba, su sun zaci ma ya yi huruj, wato ya bar ƙasar ke nan ba dawowa. Kyaftin ya sunkuyar da kai, dattijon Damagaram ya ɗago ya dube ni, ni kuma na shiga zuba wa baƙi shayin da ba su nema ba.

Da yammacin ranar Inna ta kira daga Katsina. Ita ce mahaifiyata, ƙanwar Kawu uwa ɗaya uba ɗaya, aure ne ya ƙetare da ita daga Maraɗi. Ta yi mini gaisuwa na yi mata, sannan ta ce, "Kai kaɗai ne jininsa a can. Kun rabu lafiya da shi?" Na ce mata layin ba kyau, ba na jinta sosai, na kashe wayar. Da furfura a gemuna na yi wa mahaifiyata wannan ƙaryar. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ke nan. Ina son a san wane ne Kawu, kuma ina son in iya ba Inna amsa.

Kawu gadi yake yi a wani siton tayoyi. Shi ya nemo mini aikin tuƙi a gidan wasu mutane a unguwar Malaz, shi ya taro ni ranar da na sauka. Ban ko ajiye jaka ba ya dubi ƙafafuna ya ce, "Ɗana, kana buga balo?" Haka mutanen Nijar ke kiran ƙwallo. Na ce ina ɗan taɓawa. Ya ce to Juma'a bayan asuba in shirya. Bai tambaye ni lafiyar ƙanwarsa ba sai da muka shiga mota.

Filin wani kango ne a bayan sitonsu. Shi ya tsince duwatsun wurin da hannunsa tun kafin yawancinmu mu san hanyar Saudiyya, shi ya samo bututun ruwa aka yi masa walda ya zama turakun raga. Tun ranar farko shi ne mai tsaron gida, kuma bai taɓa yarda a kira shi gola ba. Cewa yake, "Kwana shida ina tsaron gidan wani. Juma'a ku bar ni in tsare namu." Safar hannunsa ma ba ta 'yan ƙwallo ba ce, irin ta masu dakon kaya ce mai ɗigon roba a tafi. An sha kawo masa ta gaske, sai ya karɓa ya yi godiya ya ba wani.

Ga baki. In 'yan baya suka yi nisa da shi sai ka ji ya kwarma, "Gida! Ku komo gida!" har masu gyaran mota a ƙetaren titi sun haddace, suna tsokanarsa da ita in ya wuce. In ka zubar da ƙwallo zai tambaye ka ko da ƙafar aro ka zo. In ɗan gaban abokan hamayya ya buga ta tashi sama, sai ya bi ta da kallo ya ce a gaishe da mutanen Makka. Amma ana tashi shi ne zai shimfiɗa leda, ya yayyaga burodin tamis, ya tura kwanon wake gaban wanda ya fi shan zagi ranar. Ni na fi kowa cin waken nan.

Sau ɗaya ƙungiyar ta kusa tsagewa biyu. 'Yan Najeriya suka ce 'yan Nijar ba sa ba su ƙwallo, 'yan Nijar suka ce mu surutu ya yi mana yawa, har aka fara maganar kowa ya kafa tasa. Sai Kawu ya tashi. Ya kwance raga, ya kwashe ƙwallayen, ya kulle su a ɗakin gadinsa. Juma'a uku muna zuwa muna tarar da shi zaune a kan kujera da maɓalli a wuya. Ta huɗu ya tsayar da ni a tsakiya ya ce, "Wanga uwarsa ta Maraɗi ce, ubansa na Katsina. Ku raba shi biyu in gani, sannan in ba ku balo." Daga ranar ba a sake tayar da maganar ba, kuma daga ranar ya damƙa mini littafin ƙungiya ya ce ni ne sakatare.

Littafin nan shi ne tushen abin da ya faru, don haka bari in yi bayaninsa. Babban littafi ne mai baƙin bango. Duk wanda ya taɓa sa rigar ƙungiyar sunansa na ciki, da garinsu, da lambar rigarsa. A gaban kowane suna akwai gurbi. Muddin mutum yana wasa, gurbin fayau yake. In zai bar fili, ɗayan kalmomi biyu ake rubuta masa, da harafin Larabci kamar yadda muke ganinsu a takardunmu. Ijaza, in hutu ya tafi gida zai dawo, sai a ajiye masa rigarsa ko da zai yi wata shida. Ko kuma huruj, in kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya ɗauko shi, ya sallame shi, ko takardar zamansa ta ƙare an ƙi sabuntawa. Duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san nauyin wannan kalmar. Mutum na cikin aikinsa za a kira shi ofis a ce an buga masa ita, ya tattara.

Kawu ya kafa wa huruj doka. Wanda ta faɗa wa, za a wanke rigarsa a ninke a ba sabon ɗan wasa a gabansa, ya sa masa albarka. Sannan ƙungiya duka za ta raka shi filin jirgi, duk da nisansa daga Sulai, kowa ya san yadda zai yi da maigidansa. Na tuna wani ɗan Tasawa da aka sallama ba shiri, kwana biyu aka ba shi. Kunya ta hana shi gaya wa kowa, ya so ya sulale. Kawu ya ji labari, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya a waya, muka cika mota uku muka tarar da shi a layin awon kaya. Mutumin nan ya rungume Kawu. A hanyar dawowa Kawu ya ce mana, "Ba wanda zai hita daga littahin nan shi kaɗai kamar ɓarawo."

Abin da ba wanda ya lura da shi, har shi Kawun, shi ne kalmomin biyu ne kawai. Ba a tanadi ta uku ba, domin ba a taɓa samun wanda ya tsufa a ƙungiyar ba. A nan ba a barin mutum ya tsufa. Kafin gwiwa ta gaji an buga masa huruj ya koma garinsu, can zai yi tsufansa. A cikinmu Kawu ne kaɗai Allah Ya haɗa da kafil mai haƙuri, yana ta sabunta masa takarda shekara bayan shekara, har ya wuce sittin yana tsaye a raga.

Kuma tsufan ya zo. Ba zan ɓoye ba don ya mutu. Gwiwarsa ta dama ta daina lanƙwasuwa, in ya faɗi sai an ba shi hannu. Ƙwallon sama ba ya ganinta sai ta iso. Muka koma abin dariya a Sulai, kowace ƙungiya so take a haɗa ta da mu. Samarin da suka shigo daga baya, masu jini a jika, suka fara ƙorafi, wasu suka daina zuwa. Ranar da Sudanawa suka zura mana biyar, ta ƙarshen a hankali ta gangaro ta bi ta tsakanin ƙafafunsa, ya juya yana nemanta. Ba wanda ya yi dariya, su ma Sudanawan ba su yi murna ba. Ranar ko zagin kowa bai yi ba wajen cin tamis.

Muka haɗu mu biyar 'yan kwamiti a wani shagon shayi a Murabba, nesa da Sulai don kada ya ji. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana mun san abin da muke yi ba daidai ba ne. Kyaftin ya ce ga wani saurayi ɗan Zariya mai hannu kamar maƙata, in ba a ba shi raga ba wata ƙungiya za ta ɗauke shi. Kowa ya yarda, har da ni, kuma har yau ban ce shawarar kuskure ce ba. Sai aka zo kan wa zai gaya wa Kawu. Duk suka juyo suka dube ni. Kyaftin ya ce, "Kai ne ɗansa, kai zai fi ji." Na ce ba komai, ku bar mini.

Na je ɗakinsa sau biyu a makon. Na farko na tarar yana ɗinke safar hannunsa da zare, muka yi hirar ruwan sama a gida na tashi. Na biyu ya nuna mini wani man zafi da wani Bahindiye ya ba shi, ya ce gwiwar ta yi sauƙi, Juma'a za su gani. Na ce Allah Ya ƙara sauƙi. Na tashi ban gaya masa ba.

Duk Alhamis nakan ɗauki hoton shafin littafin in tura a guruf ɗinmu na waya, kowa ya ga wanda ke nan da wanda ba ya nan. Alhamis ɗin ina zaune a mota a Malaz ina jiran uwar ɗakina ta fito daga kanti, littafin a kan cinyata. Na rubuta sunan ɗan Zariya a ƙasa, na sa masa lamba ɗaya. Sai na koma layin farko na shafin farko, inda sunan Kawu yake da rubutun hannunsa. Lamba ɗaya ba ta zama ta mutum biyu, dole in cike gurbin. In na sa ijaza, rigarsa na nan ke nan, zai dawo. Saura kalma ɗaya. Na ce a raina ai tsari ne kawai, kowa ya san abin da ake nufi. Na rubuta huruj, na ɗauki hoto na tura, na kife wayar. Gaskiyar magana, so na yi littafin ya faɗa masa abin da na kasa faɗa.

Juma'a ya riga kowa zuwa kamar kullum, amma da jallabiya. Ya bari sai da muka taru, abokan karawarmu na can gefe suna motsa jiki, sannan ya miƙo hannu ya ce, "Sakatare, ba ni littahin." Bai taɓa kirana haka ba sai in wasa yake. Ya buɗe shafin farko ya kai shi kusa da idonsa, ya daɗe yana kallon kalma ɗaya tak.

"Wa ya rubuta wanga?"

Na ce ni ne, amma shawarar kwamiti ce, kuma ba wai ana nufin...

"Ban tambaye ka mi ake nuhi ba. Na iya karatu." Ya rufe littafin. "Shekara nawa ina kwana ina tashi da tsoron kalmar ga. Duk sanda mudir, manajan sito, ya kira ni ohis sai in ce ta zo. Balarabe bai rubuta mini ita ba. Ɗan ƙanwata ya rubuta mini."

Kyaftin ya fara cewa ai Kawu uba ne, za a sa masa kujera a bakin fili. Kawu ko kallonsa bai yi ba. Ya zaro leda daga hammatarsa, ya fito da riga mai lamba ɗaya, a wanke, a goge, a ninke. Ya kira ɗan Zariya ya ɗora masa a hannu, ya dafa kansa ya ce Allah Ya tsare masa gida. Sannan ya juyo gare mu ya ce, "Doka ta ce a wanke riga, na hutar da ku. Saura rakiya."

Ya juya ya kama hanya yana jan ƙafar dama. Daidai lokacin alƙalin wasa ya busa usur, abokan karawa sun gaji da jira. Muka dubi juna. Na rantse da Allah na ɗaga ƙafa zan bi shi, sai wani ya ce a bari ya huce tukuna, ni kuma na ji daɗin samun wannan uzurin. Mutum ashirin da wani abu, ba wanda ya taka masa ko zuwa bakin titi. Muka shiga fili muka ci uku ba ko ɗaya, ɗan Zariya har fenariti ya kaɗe. Abin da ya fi ci mini rai ke nan in na tuna, mun yi murna ranar.

Bai sake taka filin ba, alhali daga ƙofar ɗakin gadinsa ana jin ihunmu. Dattijon Damagaram ya gaya mini daga baya cewa duk safiyar Juma'a Kawu kan kunna rediyo ya ƙure murya har a tashi. In ɗan ƙungiya ya gaishe shi a masallaci zai amsa da fara'a, in aka ce yaushe zai leƙo sai ya ce, "Ni da na hita ƙasar? Wa kake gani?"

Na yi wata biyu ina kewaye-kewaye kafin na je neman gafara. Ya karɓe ni, ya dafa mini shayi, ya tambayi Inna da yara. Da na durƙusa na ce ya yafe mini, sai ya ce, "Ka goge?" Na ce me zan rubuta a wurin? Ya ce, "Kai ke da biro. Nemo kalma."

Na kai maganar kwamiti. Kyaftin ya ce in aka sa ijaza, gobe Kawu zai zo da safar hannunsa ya ce hutu ya ƙare, kuma ba ƙarya ya yi ba, Kawu zai aikata. In aka bar gurbin fayau, ɗan wasa ne ke nan. Na koma wa Kawu da ritaya. Ya ce ritaya ta ma'aikacin gwamnati ce mai fansho, a garin nan wa na taɓa gani ya yi ta? Na koma da uban ƙungiya. Ya ce, "Uban da aka bari ya tahi shi kaɗai?" Kowace na kawo sai ya ture ta da ɗan yatsa kamar ƙuda ya faɗa masa a shayi.

Zuwana na ƙarshe raina ya ɓaci. Ina da saurin fushi, duk danginmu sun sani, kuma wurinsa na gado shi. Na ce, "Haba Kawu. Kalma ɗaya ce fa a littafin da ba wanda ya san da shi sai mu. Biyar aka zura maka, ɗaya ta tsakanin ƙafa. So kake mu yi ta shan kashi har ranar da za ka faɗi a raga mu ɗauki gawarka? Kowa ya haƙura ya bi ka yana ba ka haƙuri, kai kuma sai jan rai kake kamar ƙaramin yaro."

Ya bar ni na gama. Ya kwashe kofunan shayin ya sa a roba, sannan ya ce a hankali, "Da ka zo ka ce mini, Kawu ka tsufa, ba mu raga, da na zage ka na ba ka. Tahi, Sakatare, kar ka makara wurin aiki."

Maganar ƙarshe ke nan tsakanina da shi. Na fita ina huci, na ce ba zan sake zuwa ba sai ya neme ni. Mako biyar bayan haka, da hantsi, ina wanke mota, dattijon Damagaram ya kira ya ce Kawu ya yanke jiki ya faɗi a bakin sito, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Mutuwar baƙo a ƙasar nan ba ta ƙarewa a rana ɗaya. Sai da aka yi kwanaki ana bin takardu, na kafil, na ofishin jakadanci, da na yardar iyali. Aka tambaya ko a kai shi gida ko a rufe shi a nan. Matarsa da 'ya'yansa a Maraɗi suka ce ƙasa duk ta Allah ce, a rufe shi inda ya cika. Ni na sa hannu a madadinsu.

Ranar jana'iza ba wanda na kira, amma ƙungiya duka ta zo, har da waɗanda suka daina wasa tuntuni. Bayan sallar la'asar muka ɗauke shi, kafaɗa na karɓar kafaɗa, ɗan Zariya ya riƙe gaba ya ƙi sakin wa kowa. Muna cikin tafiya dattijon Damagaram ya matso kusa da ni ya ce, ba da ƙarfi ba, "To, ga rakiyar ta samu." Ban san ko ta'aziyya yake mini ko duka ba, ban kuma tambaye shi ba.

Maƙabartun nan ba a rubuta suna. Dutse ne kawai a kai da ƙafa, layi bayan layi, duk iri ɗaya. Na ƙirga layin da kabarin don in gane shi, amma na san nan da shekara ni ma sai na yi kokwanto. A hanyar komawa na tuna sito zai ɗauki wani mai gadi, gadonsa wani zai hau. Wuri ɗaya ne ya rage a duk garin Riyad da sunan Kawu yake a rubuce da hannunsa, kuma a gaban sunan ga abin da na rubuta.

Bayan an share makoki na kira Inna. Ban bari ta tambaya ba, na ce, "Inna, ranar nan ina jinki sarai. Ba mu rabu lafiya ba." Na kwashe komai na gaya mata, tun daga shagon shayi har zuwa maganar da na yaɓa masa. Ita ba ta san ƙwallo ba, ba ta san huruj ba, amma ta gane. Sannan ta ce, "Yaya akwai riƙo, tun muna yara. Amma kai ma ba ka kyauta ba." Na ce ta yafe mini a madadinsa. Ta ce, "Ni ba ni ka yi wa ba. Wanda ka yi wa yana nan wurinku, ku ya zauna wa. Mu ko kabarinsa ba za mu gani ba."

Na ajiye wayar maganarta na yi mini yawo a kai. Yana nan wurinku. Na ɗauko littafin na bi shafukan ɗaya bayan ɗaya. Ɗan Tasawa, huruj. Masu walda biyu da suka haɗa mana turaku, huruj. Duk wanda Kawu ya fara wasa da shi, huruj. Mu da gurbinmu ke fayau ma jira muke, kyaftin da ɗan Zariya da ni, wata rana wani zai cike mana shi da kalmar nan, a raka mu filin jirgi in an ga dama. Mutum ɗaya ne a littafin da ba kafil ko mudir da zai sake kiransa ofis, kuma shi ne na rubuta wa ya fita.

Akwai kalma ta uku. Tana cikin aljihun kowannenmu, a kan katin da ba ma fita ko'ina sai da shi, wanda muke zullumin ƙarewarsa duk shekara. Iƙama, izinin zama. Sau nawa na zaro katin nan a watannin da Kawu ke cewa in nemo kalma, ban taɓa kallonsa ba. Mutum ne da ya daina wasa amma yana nan, mazauni ne, ba mai hutu ba, ba mai fita ba. Da na kai masa ita yana da rai, wataƙila ya ture ta kamar sauran, wataƙila kuma ya zage ni ya ce ashe kaina na aiki. Ba zan taɓa sani ba, kuma wannan rashin sanin shi ke hana ni sukuni.

Ban tambayi kwamiti ba. Na ja layi ɗaya a kan huruj, ban goge ta ba, don duk sakataren da zai gaje ni ya ga abin da aka taɓa yi. A gefenta na rubuta iƙama. Ranar Alhamis na ɗauki hoton shafin na tura a guruf kamar kullum. Lambar Kawu na cikin guruf ɗin har yanzu, ba wanda ya iya cire ta. Kowa ya buɗe saƙon, wayata ta nuna mini sunayensu ɗaya bayan ɗaya, saura mutum ɗaya.

Allah Ya gafarta wa Kawu, Ya yalwata masa makwanci. Wanda ya karanta wannan ya yi masa addu'a, in da saura ya sa da ni.